Kwalin da Ke Jikin Bangon Shago

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙon "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan. Ke kuma da kika ce na cika tausaya wa Lailatu, ki karanta wannan shafin tukuna, sai mu ji ko har yanzu bakinki na nan.

*

Maikasuwa bai ko gama amsa gaisuwa ba ya zaro wani kwali daga cikin babbar rigarsa, ya shimfiɗa shi a kan tabarma gaban Malam Muhammadu Lawal, limamin unguwa.

Ta gefen labulen ɗakinta Lailatu ta hango shi, nan take ta gane shi. Kwalin taliya ne da aka yanke, an rubuta lambobi goma da jan alƙalami, a ƙasa kuma suna. Shekara biyu yana manne a bangon shagonta da ke kusa da tashar Kazaure, har gefensa ya yi baƙi saboda yatsun masu kwafar lambar.

"Allah ya gafarta Malam, karanta da kanka. Sunan wa ke nan?"

Malam ya gyara zaman tabarau.

"Halliru Sa'idu."

"Madalla! Ƙanena ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya, Allah ya ji ƙansa. Duk wanda ya sayi ko ashana a shagon nan, wannan lambar yake tura wa kuɗi. Ni dai tun da nake ban taɓa jin inda shago yake na wani, kuɗin kuma suna shiga asusun wani ba."

Yau kwana arba'in da huɗu da rasuwar Halliru. Lailatu tana cikin takaba, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya domin a rubuta abin da mamaci ya bari kafin rabon gado, ga agogonsa, ga takardun tsohuwar bas ɗinsa, ga wayarsa a tsakiya. Ita kuma tana daga cikin ɗaki tare da Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifinta da ta zo daga Roni ta taya ta zama.

Malam ya ɗan juyo wajen labulen.

"Lailatu, kin ji abin da yayan mijinki ya faɗa."

"Na ji, Allah ya gafarta Malam."

"To me za ki ce?"

Ta matso jikin labulen.

"Shagona ne, Malam. Tumaki bakwai da keken ɗinki na gada wajen mahaifiyata. Halliru da kansa ya kai min tumakin kasuwar Babura ya sayar, da kuɗin na kama shagon na zuba kaya, yau shekara biyar. Shi direba ne, bai ma san farashin kwanon suga ba."

"A'aha!" Maikasuwa ya tafa hannu. "Yanzu kuma mamacin ake wa gori?"

"Ba gori nake masa ba, Yaya."

"To in shagonki ne, ina sunanki? Nuna min wuri ɗaya tak da aka rubuta Lailatu. Ko a takarda, ko a bango, ko a waya."

Ta laluba a ranta. Babu. Wallahi babu ko ɗaya.

Lokacin canjin kuɗi ne abin ya faro, sa'ad da tsabar kuɗi ta ɓace a gari. Mutum zai shigo, a auna masa shinkafa, a ɗaure, sai ya ɗaga waya ya ce, "Hajiya, ana taransifa?" Ta ce a'a, ya ajiye ledar ya wuce shago na gaba. Sati biyu tana kallon masu sayenta suna komawa wani wuri. Ta je buɗe asusu, aka ce sai da katin ɗan ƙasa. Ta je neman kati sau uku, yau layi ya kai bakin titi, gobe na'ura ta tsaya. Rannan Halliru ya dawo daga Babura ya tarar da ita tana hawaye, ya yi dariya ya yanko kwalin nan.

"Share hawayenki, sarkin kuka. Yi amfani da nawa kafin naki ya fito."

Ku dai kun san yadda irin wannan "kafin" take ƙarewa. Ciniki ya dawo, hankali ya kwanta, aka manta da maganar kati. Kullum ya dawo daga hanya sai ya tsaya wajen mai cirar kuɗi ya ciro mata abinta ya kawo. Bai taɓa cin kwabonta ba. Ita ma ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayarsa lambar sirrin wayar ba. Wace mace ce take zama tana tunanin mijinta mai shekara talatin da takwas zai kwanta zazzaɓin kwana uku ya tafi?

Maikasuwa ya ɗauki wayar ya ɗaga sama. Tun ranar rasuwa take hannunsa, kullum a cike da caji, duk da shi ma ya kasa buɗe ta.

"Malam, ko ba a buɗe wayar nan ba, saƙon shigar kuɗi yana fitowa a fuskarta. Har ranar sadakar arba'in alat yake shigowa. Unguwa gaba ɗaya Halliru take biya."

"Saboda maƙwabciyata tana buɗe min shagon ne, Yaya. Mutane sun saba, kafin ta yi magana sun tura. Kayana suna fita, kuɗin suna shiga inda ba ni da iko da su."

"Kayanki ko kayan marainiya?"

Nan Gwaggo Tasalla ta kasa haƙuri.

"Kai Maikasuwa, ka ji tsoron Allah! Da idona na ga an loda tumakin nan a mota."

"Gwaggo, da girmanki. Kin ga an loda tumaki, na yarda. Kin ga inda kuɗin suka shiga?"

Lailatu ta runtse ido. Ta san lissafin ko ba a yi mata ba. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Shahida, shekararta bakwai. In shagon ya shiga gado, ita tumuni kawai za a ba ta, ɗaya bisa takwas. Maikasuwa ya ɗauki nasa kason, sannan ya riƙe na Shahida a matsayin baffanta har ta girma. Wato dai shagon ya koma hannunsa ɗungurungum, ita ta tashi da abin da bai isa ya sayi buhun suga biyu ba.

Amma ba wannan ne ya fi tsinka mata zuciya a yanzu ba. Akwai abin da ta aikata da safiyar nan, wanda ko Gwaggo ba ta sani ba.

Ran sadakar arba'in, Maikasuwa ya sa wa ƙofar shagon ƙaton kwaɗo, Malam ya ce kada wanda ya taɓa ko tsinke har a gama magana. Kwana huɗu ke nan. A cikin shagon kuwa akwai ƙwai kiret shida da aka saro da 'yar tsabar da ta rage, ga zafin bazara, ga rufin kwano. A gida kuma garin tuwo ya ƙare tun jiya, Shahida ta tafi makaranta da ruwan shayi babu burodi.

Da sassafe Christy ta shigo gaishe ta. Ita ce maƙwabciyar, mai shagon robobi da kwanuka da ke jikin nata, wadda kowa yake kira Maman Sami. Shekara sha tara tana Kazaure, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibi. Gwaggo na shiga wanka Lailatu ta kwance bakin zanenta, ta damƙa mata mabuɗin ƙofar baya, wadda Maikasuwa bai san da ita ba.

"Ƙwan kawai, Maman Sami. Ki ba Ukasha mai shayi. Amma don Allah tsaba, hannu da hannu. Kada ya tura."

"Kada ki damu, Maman Shahida. Ba wanda zai ji."



Malam ya yi gyaran murya, ya daɗe yana jan carbi.

"Maikasuwa, suna a jikin kwali hujja ce, amma ba ita ce ƙarshen magana ba. Mata da yawa a garin nan suna kasuwanci da lambar mazajensu, ni kaina na sani."

Maikasuwa ya sha kunu.

"Lailatu, na ba ki sati ɗaya. Ki nemo wanda ya sayi tumakin a Babura, ko mai shagon da kika kama haya a hannunsa, su zo su yi shaida. In sun tabbatar, shago naki ne, ba na sa shi cikin gado."

Lailatu ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙafa. Gwaggo ta damƙe hannunta tana "Alhamdulillahi" a hankali.

"Amma da sharaɗi," in ji Malam. "Na ce kada a taɓa komai. An taɓa?"

Maikasuwa ya karkaɗa mabuɗi. "Ga nawa nan, ban ko bi ta layin ba."

"Lailatu fa?"

Kafin ta haɗa kalma ɗaya Gwaggo ta cafe.

"Haba Malam, mace tana takaba ina za ta? Ko zaure ba ta taka ba."

"To madalla. Don in na ji ɗayanku ya sa hannu a bayan idona, na cire bakina daga maganarsa. Wanda ya ci amanar kwana huɗu, ban ga yadda zan karɓi maganarsa a kan shekara biyar ba."

Ya ɗaga hannu zai shafa fatiha.

Wayar Halliru ta yi ƙara.

'Yar gajeriyar ƙarar nan ce da Lailatu ta sani kamar muryar 'yarta. Da can in ta ji ta daga aljihun Halliru, murmushi take yi. Yau ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi a baya.

Maikasuwa ya leƙa fuskar wayar. Ya sake leƙawa. Sai ya saki wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji, ya miƙa wa Malam da hannu biyu.

"Allah ya gafarta Malam, ni ba na karantawa, kada a ce na ƙara gishiri."

Malam ya kai wayar kusa da ido, ya karanta a hankali.

"Daga Ukasha Mai Shayi. Ya rubuta... kuɗin ƙwai kiret shida na yau."



"Na yau," Maikasuwa ya maimaita. "Shago a kulle, mabuɗi a aljihuna, ƙwai kuma yana fita. Ikon Allah!"

Gwaggo ta juyo ta kalli Lailatu. Kallo ɗaya ya ishe ta. Ta dafe ƙirji.

Maikasuwa ya riga ya zaro tasa wayar, ya sa ta a amsa-kuwwa yadda kowa zai ji.

"Ukasha, kana ina?"

"Ina teburina, ranka ya daɗe. Lafiya?"

"Wa ya sayar maka da ƙwai yau?"

"Maman Sami ce. Wallahi ƙwai mai kyau, biyu kawai na samu sun lalace."

"A ina ta ɗauko?"

"Shagon Maman Shahida mana, ta ƙofar baya. Ai cewa ta yi sai tsaba, na ce mata zuwa yamma. To ni kuma yanzu duk masu shan shayin taransifa suke min, tun safe ko ɗari biyar ban riƙe ba. Na ce bari in tura inda na saba, kada haƙƙin marainiya ya kwana a wuyana. Ya shigo ko?"

"Ya shigo, Ukasha. Allah ya yi maka albarka. Ya shigo daidai lokaci."

Ya kashe wayar.

Kun ji fa. Ba mugunta Ukasha ya yi ba, tsoron Allah ne ya sa shi gaggawa, kuma shi ne ya kashe Lailatu.

Malam ya cire tabarau ya ajiye a cinya. Fuskarsa ta canza.

"A kira min matar nan."

Maikasuwa bai jira an sake faɗa ba, ya fita da sauri, sai ƙarar mashin ɗinsa.

Gwaggo ta matso har goshinsu ya kusa haɗuwa, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ke kika ba ta?"

Lailatu ta gyaɗa kai, hawaye suna zuba a hijabinta.

"Innalillahi! Lailatu, me ya kai ki?"

"Gwaggo, babu ko garin kunu a gidan nan. Ƙwan kuma lalacewa zai yi."

"Da kin gaya min ai da na sayar da zanena! Ga shi kin sa na yi wa Liman ƙarya da furfurata."

"Ki yafe min."

"Ba ta yafiya ake ba yanzu. Ki ja bakinki ki yi shiru, kin ji ni ko? Duk abin da za a yi, ki yi shiru."

Lailatu ta kalli ƙofa. Da ba ta cikin takaba da ta riga Maikasuwa isa wajen Christy, ko da gudu ne. Waya kuma tata babu ko sisin kati. Haka ta zauna, hannu a cinya. Ba ta taɓa jin ta zama abin banza irin na yau ba: shagonta, kayanta, guminta, amma ita ce ɓarauniya.

Ba a yi minti goma sha biyar ba suka shigo. Christy tana gaba, ta yafa ɗankwali a kafaɗa, hannunta duk ƙurar robobi. Ta durƙusa nesa da tabarma.

"Ina wuni, Baba Liman."

"Lafiya lau, Maman Sami. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki gaya min gaskiya tsakaninki da Allahn da kike bauta wa. Ke kika fitar da ƙwai daga shagon da aka kulle?"

"Ni ce, Baba."

"Wa ya ba ki mabuɗi?"

Christy ta ɗaga kai. Idonta ya sauka a kan kwalin da ke tabarma, ya wuce kan wayar, ya tsaya a kan labule. Ta san Lailatu tana bayansa. A hanya kuma Maikasuwa bai bar komai ba, ya gaya mata sharaɗin Malam yana murna.

"Ba wanda ya ba ni."

"Kamar yaya?" Maikasuwa ya daka mata tsawa.

"Mabuɗin baya ya daɗe a wurina, tun ina tsare mata shago. Na manta ban mayar ba. Yau na ji wari yana fitowa ta jikin bango, na ce ƙwan nan zai lalace a banza. Ni na yi tunanina, ni na buɗe. Maman Shahida ba ta san komai ba."

Lailatu ta toshe bakinta da hijabi.

"Ƙarya kike!" in ji Maikasuwa. "Rufa mata asiri kike yi!"

"Abin da na sani na faɗa, Alhaji."

"To shi ke nan, kin sauƙaƙa min. Kin fasa shagon mamaci, kin saci kayan marainiya, da bakinki kika faɗa gaban Liman. Yau a wajen 'yan sanda za ki kwana. Kuma wallahi sai duk layin tasha ya ji, in ga wanda zai sake taka shagonki. Mai shagon da kike haya ma abokina ne."

Christy ta sunkuyar da kai. Matar nan da robobin take biya wa 'ya'ya uku makaranta tun da mijinta ya yi ritaya. Shekara sha tara tana lallaɓa sunanta a garin da ba nata ba, ko allura ba a taɓa cewa ta ɗauka ba.

Malam ya ɗaga wa Maikasuwa hannu.

"Ajiye wayar tukuna. Ba za a kira kowa ba sai na ji daga ɗaya bakin."

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci labulen.

"Lailatu."

"Na'am, Malam."

"In maganar matar nan haka take, sharaɗina yana nan, kina da satinki, ita kuma tsakaninta da Maikasuwa. In kuwa ke kika aike ta, babu laifi a kanta, 'yar aike ce, ta tashi ta tafi. Amma ke kin san abin da na faɗa."

Gwaggo ta damƙe wuyan hannunta har farce yana shiga nama.

"Ki tuna Shahida," ta raɗa mata. "Ki tuna tumakin uwarki."

"Lailatu, ina jin ki. Haka ne ko ba haka ba ne?"

Ta ga shagon a idonta, kantocin da ta jera da hannunta gwangwani bayan gwangwani. Ta ga Christy a durƙushe cikin rana, ɗankwali ya zame daga kafaɗarta.

Daidai nan aka yi sallama da ƙaramar murya. Shahida ce ta dawo daga makaranta, jaka a baya. Ta tsaya turus ganin mutane, sannan ta ruga ta faɗa jikin Christy kamar yadda ta saba.

Christy ta rungume ta da hannu ɗaya. Ta ɗago jajayen idanunta ta kalli labulen.

"Maman Shahida, Baba Liman yana jiran ki. Ki ce haka ne mana."